Daga kaskon suya zuwa tankin jirgin sama: wa zai ci ribar sabon man?

Tun ranar 1 ga watan Janairun 2025, doka ta tilasta ma kamfanonin da ke sayar da man jiragen sama a manyan filayen jirgi na ƙasashen Tarayyar Turai su gauraya aƙalla kashi 2 cikin 100 na man da ba daga rijiya aka haƙo shi ba. Dokar, wadda aka amince da ita a shekara ta 2023, ta tsara cewa kason zai hau zuwa 6 cikin 100 a 2030, ya kai 20 a 2035, har ya dangana da 70 a 2050. Birtaniya ma ta kafa tata dokar, inda ta fara da kashi 2 a 2025 da niyyar kai wa kashi 10 a 2030. Mafi yawan wannan sabon mai ana yin sa ne da man girkin da aka riga aka yi suya da shi, da kitsen dabbobi na mahauta.

Mai karatu zai iya cewa ina ruwan biri da gada. To, akwai ruwa. Ƙasarmu ta shiga sahun masu haƙo mai a ƙarshen 2011, lokacin da matatar SORAZ ta Damagaram, mai iya tace ganga 20,000 a kowace rana, ta fara aiki, kuma sai a watan Mayun 2024 aka yi lodin jirgin ruwa na farko da ɗanyen man Agadem a gaɓar tekun Benin. Wato muna shiga kasuwa ne daidai lokacin da manyan masu saye suke shelar cewa za su rage sayen hajar. Ta ɗaya ɓangaren kuma, mu manoman gyaɗa ne da riɗi, kuma duk ranar da man girki ya zama abincin inji, to uwargidan da ke auna shi da kwalba a kasuwar Maraɗi za ta ji a jikinta. Saboda haka ya kamata mu san mene ne wannan mai, kuma a wane mataki na sarrafa shi kuɗin suke. Amsar tana cikin wani ɗan ƙaramin abu da ido ba ya gani, wato siffar ƙwayar man ita kanta.

Kara da ƙaya

Fetur, wanda muke ce ma isansi, da kananzir, da gazuwal, duk dangi ɗaya ne. Kowace ƙwaya ta mai sarƙa ce ta zarrar kabon da aka jera, da zarrar haidirojin manne a jikinta. Tsawon sarƙar ne ke raba su: na fetur gajere ne, kabon 5 zuwa 10 ko 11, na man jirgi kamar 8 zuwa 16, na gazuwal kuwa yakan wuce 20. Amma ban da tsawo akwai siffa. Wata sarƙar miƙaƙƙiya ce kamar karan gero, wata kuma tana da ƙananan rassa a gefe da gefe kamar reshen ƙaya.

Duk wanda ya taɓa ɗaure dami ya san kara yana kwanciya jikin ɗan'uwansa ba tare da gardama ba, ƙaya kuwa ba ta ɗauruwa. Haka abin yake a cikin mai. Daskarewa ba wani abu ba ne illa ƙwayoyi su jeru su manne da juna, don haka miƙaƙƙun sarƙoƙi suna saurin daskarewa, masu rassa kuma suna zama ruwa ko da sanyi ya yi tsanani. Mun saba ganin irin wannan lokacin hunturu, inda man shanu da man kaɗanya suke sandarewa, man gyaɗa kuma yana nan yana tsiyaya, domin akasarin sarƙoƙinsa suna da lanƙwasa a tsakiya.

Idan aka ɗauki man girki aka kai shi matata, aka dafa shi da iskar haidirojin cikin zafi da matsi mai yawa, ana cire masa oksijan ɗin da ke jikinsa, sai a samu miƙaƙƙun sarƙoƙi masu kabon 15 zuwa 18, da ruwa, da gas irin na girki. Mai kabon 16 yana daskarewa a digiri 18, mai kabon 18 kuma a digiri 28. Wato a daren sanyi na watan Janairu, ko a Yamai sai ya zama kamar kyandir. Jirgin fasinja kuwa yana tafiya a nisan kilomita 10 zuwa 12 sama da ƙasa, inda sanyin iska yakan wuce digiri 50 ƙasa da sifiri, kuma ƙa'idar man jirgi da ake kira Jet A-1 ta ce dole ya kasance ruwa har zuwa digiri 47 ƙasa da sifiri. Ko da an datse sarƙar ta koma kabon 12, muddin miƙaƙƙiya ce, a digiri 10 ƙasa da sifiri za ta daskare. Ke nan babu makawa sai an yi mata rassa. Ana sake bi da man ta wata tukunya mai ɗauke da ƙarfe mai tsada irin su filatinom, a karya wasu sarƙoƙin, a karkata wasu su fitar da rassa. Wannan hanya ita ce ake kira HEFA idan man jirgi ake nufi, ko HVO idan gazuwal ne, kuma kamfanin Neste na ƙasar Finlan ya buɗe matatarsa ta farko ta irin wannan a garin Porvoo tun 2007.

Sai dai rassan da ke maganin sanyi su ne kuma ke canza yadda man yake kama wuta, kuma a nan ne masana suka shafe shekaru suna kokowa.

Kanikawanmu sun san inji iri biyu. Injin fetur yana da buji, kuma ana so cakuɗen mai da iska ya yi haƙuri har sai buji ya ba da tartsatsi. Idan ya yi gaggawa ya kama da kansa, inji ya dinga ƙwanƙwasa ke nan, kuma in aka daɗe a haka fistan ne zai lalace. Injin gazuwal ba shi da buji mai tartsatsi: iska ake matsewa har zafinta ya wuce digiri 500, a feso mai, kuma ana so ya kama nan take. Abin da ake yabo a wajen ɗaya shi ne aibi a wajen ɗaya.

A tsakiyar shekarun 1920 wani masanin sinadarai ɗan Amurka mai suna Graham Edgar ya kawo ma'aunin da har yanzu ake aiki da shi a kan fetur. Ya ɗauki wata miƙaƙƙiyar sarƙa mai kabon 7, wadda ke saurin kamawa, aka ba ta sifiri, ya ɗauki wata mai kabon 8 da rassa uku, wadda ke da taurin kai, aka ba ta 100. Lambar oktan da ake rubutawa a gidajen mai, 91 ko 95, daga nan ta samo asali. Gazuwal ma yana da nasa ma'aunin, lambar setan, kuma misalinsa ya fi ban mamaki. Miƙaƙƙiyar sarƙa mai kabon 16 da haidirojin 34 ita ce ke da 100. Akwai wata kuma mai kabon 16 da haidirojin 34 daidai wa daida, amma da rassa bakwai, ita kuma 15 take da shi. Kayan gini iri ɗaya, nauyi ɗaya, ƙarfin zafin da suke bayarwa kusan ɗaya, amma ɗaya tana kamawa da an matse ta, ɗaya kuma sai an yi da gaske.

Yadda wuta ke haihuwa

Me ya kawo haka? Wuta ba ta tashi gaba ɗaya. Kafin harshen da muke gani ya bayyana, akwai wani aiki da ke gudana a ɓoye cikin ɗan lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba, a zafin da ke tsakanin digiri 300 da 500 bisa kimantawa. Masana na kiran sa sanyayyar wuta, domin wani haske ne shuɗi mai rauni wanda da ƙyar ake ganin sa sai cikin duhu, kuma tun farkon ƙarni na 19 Baturen Ingila Humphry Davy ya lura da shi.

Ga yadda yake gudana. Da farko wani ɗan guntun sinadari mai ƙwazo, wanda ya ƙunshi oksijan ɗaya da haidirojin ɗaya, yana fizge haidirojin guda daga jikin sarƙar mai, ya bar gurbi. Oksijan na iska sai ya zo ya manne a gurbin. Daga nan sarƙar takan lanƙwaso, kamar mutumin da ya miƙa hannu zai sosa bayansa, oksijan ɗin da ya manne ya cafko wani haidirojin daga jikin sarƙar ita kanta, ya buɗe sabon gurbi. Wani oksijan na biyu ya sake mannewa a nan. A wannan matakin ƙwayar ta yi nauyin da ba za ta iya ɗauka ba, sai ta tarwatse, ta saki irin guntayen nan masu ƙwazo fiye da guda ɗayan da aka kashe tun farko. Ɗaya ya haifi biyu ko uku, kowane kuma ya je ya far ma wata sarƙar. Haka abin yake ninkawa har zafi ya taru, babbar wuta ta tashi. Binciken irin wannan ninkawa ne ya sa aka ba Nikolay Semenov na Tarayyar Sobiyet da Cyril Hinshelwood na Ingila kyautar Nobel a 1956. Amma don a ga wahalar aikin, ita ƙwayar da ta sosa bayanta, saboda gajeren ranta, sai a 2015 masanan ɗakin binciken Sandia na Amurka suka fara ganin irinta kai tsaye.

Duk sirrin yana wajen sosa bayan nan. Haidirojin da ke tsakiyar sarƙa ya fi sauƙin cirewa, wanda ke bakin sarƙa ko a kan reshe kuwa riƙonsa ya fi ƙarfi. Mu koma ga tagwayen nan masu haidirojin 34. A jikin miƙaƙƙiyar, guda 28 suna tsakiya, 6 kawai ke baki. A jikin mai rassa bakwai, guda 27 suna baki ko kan reshe, 7 kawai suka rage a ciki, kuma su ma rassa sun kewaye su. Ga hannun ya yi gajarta, ga wurin susar ya toshe. Sau da yawa ma maimakon ta ninka guntaye masu ƙwazo, sai ta karye ta ba da wasu ƙwayoyi masu sanyin jiki, aikin ya tsaya cak.

Ko bayan babbar wuta ta kama, bambancin bai ƙare ba. Miƙaƙƙiyar sarƙa idan ta farfashe tana ba da etilen da zarrar haidirojin mai yawo ita kaɗai, wadda ita ce ke ingiza harshen wuta gaba. Mai rassa da yawa kuwa tana ba da wani sinadari da ake kira isobutin, wanda ke haɗiye haidirojin ɗin nan. Shi ya sa harshen wutarta ya ɗan fi tafiya a hankali, kuma ta ɗan fi yin baƙin hayaƙi. Masu lissafin wannan al'amari da kwamfuta ba ƙaramin aiki suke yi ba: wani tsari da masanan ɗakin binciken Lawrence Livermore na Amurka suka wallafa a 2011, domin sarƙoƙi masu reshe ɗaya tak da miƙaƙƙun ƴan'uwansu, ya ƙunshi sinadarai sama da 7,000 da matakan haɗuwa da rabuwa sama da 30,000.

Wani zai ce ai jirgin sama ba shi da fistan, wutarsa a kunne take tun daga tashi har sauka, to me ya dame shi da saurin kamawa? Haka su ma injiniyoyi da yawa suka ɗauka, shi ya sa ƙa'idar man jirgi na gargajiya ba ta tanadi lambar setan ba. Amma gwaje-gwajen da hukumar jiragen saman Amurka ta jagoranta daga tsakiyar shekarun 2010 sun nuna akwai magana. Sun gwada wani mai da aka yi daga barasar isobutanol, wanda kusan dukkansa ƙwayoyi ne masu rassa biyar ko bakwai, lambar setan ɗinsa ƙasa da 20, alhali man jirgi na yau da kullum yana tsakanin 40 da 50. A akasarin injinan gwajin, idan aka dinga rage mai kamar yadda matuƙi ke yi lokacin da yake gangarowa zai sauka, wutar wannan man ita ce ke riga mutuwa. Mutuwar wutar inji a sama, ga sanyi ga ƙarancin iska, ba abin wasa ba ne ga wanda ke zaune cikin jirgin, ko maniyyaci ne ko ɗan kasuwa.

Don haka abin da matatu ke nema shi ne tsaka-tsaki: reshe ɗaya, biyu ko uku a jikin doguwar sarƙa, yadda sanyi ba zai daskarar da ita ba, kuma za a bar mata isasshen wurin lanƙwasowa. Misali mai kyau shi ne farnesan, wanda kamfanonin Amyris da Total suka yi daga sukarin rake a Barazil: kabon 15, rassa uku a warwatse, lambar setan sama da 50. Gazuwal na HVO shi ma yana wuce 70, alhali ƙa'idar Turai 51 kawai take nema. A ƙasashe masu ƙanƙara ana ƙara masa rassa lokacin hunturu, lambar ta ɗan sauka. A ƙasa irin tamu ba a buƙatar rassa da yawa, ko da yake direbobin da ke bin hanyar Bilma da Dirku sun san cewa sanyin dare a can yakan sauka kusa da sifiri.

Akwai kuma wani abin da wannan sabon mai ya rasa. Man rijiya yana ɗauke da wasu ƙwayoyi masu siffar zobe, waɗanda su ne kan gaba wajen yin baƙin hayaƙi, amma kuma su ne ke sa robobin da ke toshe mahaɗar bututu su kumbura su riƙe da kyau. Babu su, tsofaffin robobi na iya tsukewa mai ya dinga ɗiga. Shi ya sa ƙa'ida ta ce cakuɗen ya ƙunshi aƙalla kashi 8 cikin 100 na masu zoben, kuma man HEFA, wanda aka amince da shi a 2011, kada ya wuce rabin abin da ke cikin tanki. Farnesan ma, da aka amince da shi a 2014, kashi 10 aka yarje masa. Jirgin Virgin Atlantic da ya tashi daga Landan zuwa New York ranar 28 ga Nuwamban 2023 ba tare da ɗigon man rijiya ba, da izini na musamman ya tashi, kuma sai da aka haɗa kashi 88 na HEFA da kashi 12 na masu zoben da aka ƙera daga sukarin tsirrai.

Ribar rage masu zoben a fili take. Gwajin da cibiyar binciken sararin sama ta Jamus ta yi da jirgin Airbus A350, wanda aka wallafa sakamakonsa a 2024, ya nuna ƙwayoyin baƙin hayaƙi sun ragu da kashi 35 cikin 100, ƙwayoyin ƙanƙarar da ke yin farin layin nan a bayan jirgi kuma da kashi 56. Amma kada a ruɗe mu da kalmar mai tsabta. Kowane kilo na man jirgi, na rijiya ne ko na kasko, idan ya ƙone yana sakin fiye da kilo 3 na iskar kabon mai ɗumama duniya. Ragin da ake magana, wanda kamfanoni ke cewa yana iya kai kashi 80 cikin 100, lissafi ne na cewa tsiron da aka samu man daga gare shi ya riga ya shaƙi wannan iska lokacin da yake girma. Idan daji aka sare aka shuka kwakwar manja, lissafin ya rushe.

Ina kuɗin suke?

Duk wannan bayani ya kawo mu ga abu ɗaya: darajar sabon man ba a gona take ba, a matata take. Manomi yana ba da miƙaƙƙiyar sarƙa, wadda kowa ke iya samu daga waken soya, ko manja, ko kitsen shanu, ko ragowar man suyar gidajen abinci na ƙasar Sin. Mai haidirojin, da filatinom, da injiniyoyin da suka san adadin rassan da ya dace, da takardar shaidar da kamfanonin ƙera jirage suka yarda da ita, shi ke yanka farashi. Alƙaluman hukumar kula da lafiyar jiragen sama ta Turai na shekarar 2024 sun nuna tan ɗaya na irin wannan mai ya kai Yuro 2,085, wato sama da miliyan 1 da jika 360 na kuɗin sefa, alhali na rijiya yana Yuro 734, kimanin jika 480. Kusan ninki uku ke nan, kuma a ƙarshe fasinja ne ke biya: Air France ta fara ƙara kuɗin wannan mai a kan tikiti tun watan Janairun 2022, Lufthansa kuma ta sa nata ƙarin a kan jiragen da ke tashi daga Turai daga farkon 2025.

Tsarin da ake bi a Afirka ya riga ya bayyana. A 2022 kamfanin Eni na Italiya ya buɗe masana'antar matse ƴaƴan cika-gida da wasu tsirrai a yankin Makueni na ƙasar Kenya, kuma cikin shekarar ya fara loda ɗanyen man a tashar Mombasa zuwa matatarsa ta Gela da ke tsibirin Sisili. Noma da matsewa a nan, rassa a can. Tsofaffin da suka ga zamanin da ake tara buhunan gyaɗa a Maraɗi da Magariya ana kai su bakin teku ba za su ga baƙon abu a wannan tsari ba. Tarihin ma ya fi haka tsawo: a bajekolin birnin Paris na 1900 an nuna wani ƙaramin injin Diesel yana aiki da man gyaɗa zalla, bisa buƙatar gwamnatin Faransa, wadda ke tunanin yadda za ta samar da makamashi a ƙasashen Afirka da ta mallaka.

Kuma ba mu manta da bini-da-zugu ba. Tsakanin 2007 da 2009 an yi ta yayata cewa wannan tsiro na shinge zai fitar da yankin Sahel daga talauci, wai yana yi a ƙasar da ta mutu ba tare da ruwa ko taki ba. A ƙarshen watan Disamban 2008 har jirgin Air New Zealand ya yi gwajin tashi da rabin man bini-da-zugu a ɗaya daga cikin injinansa huɗu, da man da aka samo daga Indiya da gabashin Afirka. Ta fuskar sinadari gwajin ya yi kyau. A gona ne aka sha kashi, domin tsiron yana rayuwa cikin fari amma ba ya ba da ƴaƴan kirki sai da ruwa da ƙasa mai kyau, wato inda gero da masara suke so. Kamfanin Sun Biofuels na Birtaniya, wanda ya karɓi eka dubbai a gundumar Kisarawe ta Tanzaniya, ya durƙushe a 2011, ya bar mutanen ƙauyuka babu aikin, kuma babu filin. Jean Ziegler, wakilin Majalisar Ɗinkin Duniya kan ƴancin samun abinci, wanda ya zo ƙasar nan lokacin ƙarancin cimaka na 2005, ya nemi a 2007 da a dakatar da mai da kayan abinci makamashi har tsawon shekaru biyar, ya kuma kira abin laifi ga bil'adama. An ce ya yi zafi da yawa, amma tsadar abincin 2008 ta sa mutane da dama suka sake sauraren sa.

Gaskiya ne dokar Turai ta 2023 ta hana lissafa man jirgin da aka yi da amfanin gona na ci ko na dabbobi. Sai dai kasuwar mai kamar ruwan gulbi ce, in an ɗiba a nan sai ya ragu a can. Ragowar man suya da kitse suna da masu amfani da su tun da, masu sabulu da masu abincin dabbobi, kuma idan jirage suka kwashe, waɗannan za su koma kan manja da man soya, irin waɗanda muke shigowa da su. A Turai ma an yi ta ƙorafin cewa ana sayar masu da sabon manja da sunan ragowar suya. Kuma duk wannan hayaniya a kan ɗan kaɗan ake yin ta: ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, IATA, ta ce abin da aka samar a 2024 tan miliyan 1 ne, kashi 0.3 cikin 100 na man da jirage suka sha. Idan wannan ɗan kason ya riga ya sa ana rububin ragowar kasko, mai karatu ya auna abin da kashi 20 zai yi.

Wannan adadi kuma yana gaya mana cewa masu cewa ɗanyen man Agadem ya zo a makare sun yi gaggawa. Jirage da manyan motoci za su daɗe suna shan man rijiya. A ganinmu, abin da ya fi kusa da lafiyar talaka a yanzu shi ne ingancin gazuwal ɗin da ake sha a titunanmu. Turai ta taƙaita sinadarin farar wuta a kashi 10 cikin miliyan tun 2009, ƙasashen CEDEAO kuwa sai a 2020, lokacin Nijar tana cikin ƙungiyar, suka amince da kashi 50. Hayaƙin da ɗan kabu-kabu ke shaƙa a bayan babbar mota a tashar Maraɗi ya fi farin layin da ke bayan jirgi saurin kai shi asibiti.

Idan kuma gobe wani kamfani ya zo da taswira yana neman fili a Dosso ko Gaya domin noman man jirgi, tambayoyin da ya kamata magabata da ƙungiyoyin manoma su yi masa ba su da wuya. Wane fili ne, kuma me ake nomawa a cikinsa yanzu? Da wane ruwa? Wa zai sayi amfanin idan farashin ɗanyen mai ya faɗi, kamar yadda ya faɗi a ƙarshen 2008? Tunkuzar da ta rage bayan matsewa, dabbobi za su iya ci, ko kuwa mai guba ce irin ta bini-da-zugu da cika-gida? Sannan a ina za a kafa tukunyar da ke yin rassan? Matatar mai ta gargajiya tana iya zuba ɗan man tsirrai cikin ɗanyen da take tacewa, kuma a 2018 ƙa'idar man jirgi ta yarda da hakan har zuwa kashi 5 cikin 100, amma sai matatar tana da isasshen haidirojin da sashen da ya dace da aikin. Wannan tambaya ce da injiniyoyin SORAZ da na ma'aikatar man fetur za su iya amsawa da alƙaluma, kuma ya dace a yi masu ita kafin a sa hannu a kan kowace takarda.